Ramin da Ya Huda Ƙashi Gaba da Baya: Nazarin Lamarin Wani Tela a Zariya

Bayan sallama, abin da ya fara faɗa mini shi ne, "Likita, a cire shi kawai, na gaji." Saurayi ne ɗan shekara 27, tela, shagonsa yana Tudun Wada a nan Zariya. Haƙorin da yake so a raba shi da shi na sama ne ta hagu, na biyu daga tsakiya, wanda ke tsakanin babban haƙorin gaba da fiƙa. Ya yi duhu kamar an jiƙa shi cikin ruwan shayi. Can sama a dasashi akwai ɗan ƙurji mai baki, da an danna sai mugunya ta ɓullo. Ya yarda in rubuta labarin, da sharaɗin ba za a ambaci sunansa ba.

Asalin abin tsoho ne. Yana ɗan shekara 12 ya faɗo daga keke, bakinsa ya bugi ƙasa. Haƙorin bai karye ba, bai fita ba, ya yi 'yan kwanaki yana girgiɗi sannan ya tsaya, kowa a gida ya manta. Irin wannan bugu yana da mugun hali. Jijiyar cikin haƙori tana iya mutuwa shiru, ba ciwo ba kumburi, sai bayan shekaru a ga launi ya fara sauyawa. Ƙwayoyin cuta su sami ɗakin da babu mai gadi su tare a ciki, dafinsu ya riƙa tsiyaya ta ƙarshen saiwa, jiki kuma garin yaƙi da su ya riƙa narkar da ƙashin da ke kewaye da wurin, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru.

Yana ɗan 24 fuskarsa ta fara kumbura. Aka yi masa aikin cire jijiya a wani wuri, ya sami sauƙi na kusan wata shida, abu ya dawo. Daga nan sai ya shiga zagayen da duk mai duba haƙori a ƙasar nan ya sani: kafso daga kemis, kanumfari, ruwan gishiri mai ɗumi, ƙurji ya fashe ya lafa, bayan wata biyu ya sake cika. Shekara uku yana haka.

Abin da muka gani

Da na ɗaga leɓensa na ga ƙurjin. Da ya buɗe baki kuma na ga abin da ya fi damuna, wato kumburi a ganɗa, daidai bayan haƙorin, mai laushi, yatsa yana nutsewa cikinsa. Ganɗa mai lafiya tauri gare ta domin ƙashi ne a ƙarƙashinta. Idan ta yi laushi haka, ƙashin ya tafi.

Na bi gefen haƙorin da ma'auni ta kowace kusurwa, zurfin bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba ko'ina. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Da na sami wuri guda siriri inda ma'aunin ya zurma can ƙasa, da na yi zargin saiwar ta tsage a tsaye, kuma saiwar da ta tsage a tsaye ba ta da magani sai cirewa. Haƙorin yana ɗan motsi amma ba sosai ba. Maƙwabtansa biyu, babban na gaba da fiƙa, na ɗora musu audugar sanyi, duka suka amsa, alamar jijiyarsu tana da rai. Sai na zura siririn tsinken gata-faca, wannan robar da muke cike ramin jijiya da ita, ta bakin ƙurjin, muka ɗauki hoton eksire da shi a ciki. Tsinken ya nuna kai tsaye zuwa ƙarshen saiwar haƙorin da ya yi duhu. A hoton akwai baƙin da'ira mai kimanin milimita 14 a tsaye, 12 a kwance, tsohon cikon kuma bai kai ƙarshen saiwa ba, ga gurabe a gefensa.

Hoton eksire na yau da kullum inuwa ce kawai, yana nuna tsawo da faɗi, ba ya nuna zurfi. Saboda kumburin ganɗar nan na tura shi inda ake ɗaukar hoto mai fuska uku, wanda ake kira CBCT. Ya yi ƙorafin kuɗi, kuma yana da gaskiya, amma hoton ya biya kuɗinsa. Ya nuna bangon ƙashi na gaba ya huje, na baya ta ɓangaren ganɗa shi ma ya huje. Rami ne mai ƙofa biyu, kamar zauren da aka cire wa ƙyaure gaba da baya. Wannan haƙori ya saba yin haka, domin ƙarshen saiwarsa yakan karkata zuwa baya, kusa da ganɗa. Ƙasan hanci dai yana nan lafiya, da ɗan siririn ƙashi tsakaninsa da ramin.

Ban tafi ga wuƙa nan take ba, kuma ina so matasan likitoci su riƙe wannan. Girman rami ba shi ne dalilin tiyata ba. Tushen cutar yana cikin haƙori, kuma ramuka da yawa manya suna cikewa da kansu idan an wanke cikin haƙorin yadda ya kamata. Muka cire tsohon cikon, muka wanke da sinadarin haifokulorait, muka zuba farin maganin nan na kalsiyam muka rufe. Sau uku muna sabunta shi cikin wata uku. Duk lokacin da muka buɗe, sai wani ruwa mai kalar fitsarin safe, yana ɗan ƙyalli, ya riƙa gangarowa daga sama. Da ya ɗan tsagaita muka cike ramin jijiyar da kyau har ƙarshe. Bayan wata shida muka sake hoto: ramin bai ragu ko milimita ɗaya ba, ƙurjin kuma ya dawo.

Akwai binciken da Nair da abokan aikinsa suka wallafa daga Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1996, inda suka yayyanka ƙulluttukan ƙarshen saiwa guda 256 suka duba a madubin likita. Kashi 15 cikin 100 ne kawai suka zama jakar ruwa, kuma a kashi 9 cikin 100 na duka ƙulluttukan ne jakar ta rufe kanta ruf, ba ta da wata hanya da ta haɗa ta da cikin haƙori. Irin wannan jaka ta riga ta zama mai cin gashin kanta, ko an wanke haƙori sau goma da wuya ta san an yi. Na yi zaton telanmu yana cikin waɗannan 'yan kaɗan ɗin. A nan ne maganar tiyata ta taso.

Dalilin kafa shinge

Tiyatar kanta sananniya ce: a ɗaga dasashi, a kwashe ƙullutun, a yanke ƙarshen saiwa, a toshe ta daga sama, a mayar da dasashi a ɗinke. Tambayar ita ce me zai cika ramin bayan an rufe.

Duk ramin da aka bari a ƙashi jini ne ke fara cika shi, ya daskare, sannan ƙwayoyin halitta daga kewaye su shigo su gina abin da suka iya ginawa. A 1976 wani masani a Toronto ta Kanada, Melcher, ya kawo bayanin da har yau a kansa ake tafiya: irin ƙwayoyin da suka riga shiga wurin rauni su ne ke yanke hukuncin abin da zai tsiro a wurin. Masu gina nama suna da sauri. Masu gina ƙashi nawa gare su. Idan ramin ƙarami ne kuma bango ya kewaye shi ta ko'ina, masu gina ƙashi suna fitowa daga kowane bango su cika shi, ba sa bukatar taimakon kowa. Amma idan ƙofa biyu a buɗe suke, nama ya shigo ta gaba, ya shigo ta ganɗa, su haɗu a tsakiya su gama hannu kafin ƙashi ya yi taku biyu. Abin da za a samu shi ne tabo, igiyar nama mai tauri da ta ratsa muƙamuƙi, kuma ba za ta taɓa zama ƙashi ba.

Haka na bayyana wa telan da mahaifinsa, na ce kamar gonar bakin hanya ce. Dawa tana bukatar watanni, awaki kuwa yini guda ya ishe su. Mai gona ba ya jan dawa ta yi tsawo, danga yake kafawa. Tantanin da muke shimfiɗawa a bakin ramin danga ce. Ba ya haifar da ƙashi, yana dai tare nama a waje har ƙashin ya sami sarari.

An fara gwada wannan dabara a jikin ɗan Adam a 1982, lokacin da Nyman da abokansa a Siwidin suka sa wata takardar tace ruwa ta ɗakin gwaji tsakanin dasashi da saiwar haƙorin wani majiyyaci mai ciwon dasashi, suka kuma ga sabuwar mannewa ta samu a kan saiwar. Daga fannin ciwon dasashi dabarar ta ƙaura zuwa tiyatar saiwa. A 1995 Pecora da tawagarsa a Italiya suka gwada ta a manyan ramukan ƙarshen saiwa, suka ga waɗanda aka sa wa tantani sun fi saurin cikewa. A 2011 Tsesis da abokansa suka tattara binciken da aka yi suka auna su tare, abin da ya fito kuwa shi ne amfanin dabarar ya fi bayyana a manyan ramuka da waɗanda suka huda gaba da baya.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a nan. Kayan nan daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje ake sayensu, tantani guda ɗaya da bai kai faɗin katin waya ba yana iya cinye abin da tela zai samu a ɗinkin makonni. Sa shi a ƙaramin rami mai bango huɗu ɗora wa talaka nauyin banza ne, domin wannan ramin zai cike ko ba a sa komai ba. Hana shi kuma ga mai rami irin na wannan saurayi tauye masa haƙƙi ne. Aikin likita shi ne ya bambance su.

Da me aka yi shi?

Ranar da za mu tsayar da magana ya zo da mahaifinsa, dattijo mai natsuwa daga cikin birni. Na jera musu abin da ake da shi. Na cika rami akwai garin ƙashin saniya da aka sarrafa aka ƙone duk wani abu mai rai a cikinsa, irin su Bio-Oss. Akwai na haɗi wanda aka yi a masana'anta daga sinadaran kalsiyam da fosfet, babu dabba a cikinsa sam. Akwai ƙashin mutum kansa, a ɗebo daga haɓa ko bayan muƙamuƙi, amma wannan rauni na biyu ke nan. Na shinge kuwa akwai tantanin roba da ba ya narkewa, sai an sake yanka an ciro shi, akwai kuma na kolajin, sinadarin da ake samu a fata da jijiya, wanda jiki ke narkarwa da kansa cikin makonni ko watanni. Sannan na faɗa musu abin da ba kowa ke faɗa ba: tantanin kolajin da ya fi shahara a duniya, Bio-Gide na kamfanin Geistlich, daga jikin alade ake yin sa.

Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Likita, Allah ya saka da alheri da ka faɗa. Da ba ka faɗa ba, ta ina za mu sani?"

Wannan tambaya ta tsaya mini a rai. Rubutun jikin kwalin ƙanana ne, da Turanci, kuma majiyyaci ba ya ma ganin kwalin. Mutumin da ke tambayar wa ya yanka naman da zai ci a tasha yana da haƙƙin sanin abin da za a binne a muƙamuƙinsa.

Na ce, "Baba, fatawa ba tawa ba ce. Akwai malamai masu ganin abin da aka sarrafa har ya fita daga asalinsa hukuncinsa ya sauya, akwai masu duba larura, akwai kuma masu cewa muddin da madadi a nemi madadin. Abin da ke wuyana shi ne in gaya muku akwai madadi, akwai tantanin da ake yi da jijiyar saniya, kuma zai yi mana aikin."

Ya ce, "To ɗana, idan ga na saniya, me zai kai mu ga wancan? Amma bari mu ji ta bakin malam."

Bayan mako guda suka dawo da matsaya: garin haɗi na masana'anta a cikin rami, tantanin saniya a matsayin shinge. Na ƙara musu da abu na uku wanda ba ya bukatar tambayar kowa, wato jinin yaron kansa. Wani likita ɗan Faransa, Choukroun, shi ya fito da wannan hanya a 2001, ana kiranta PRF. A ɗebi jini a kwalba ba tare da maganin hana daskarewa ba, a juya shi a na'ura, sai ya rabu uku: jajayen ƙwayoyi a ƙasa, ruwa garai a sama, a tsakiya kuma wani dunƙule ruwan ɗorawa mai danƙo, cike da ƙwayoyin da ke tsayar da jini da sinadaran da ke kiran waraka. Yana da araha, kuma ina son sa. Sai dai na ga wasu suna ɗaukarsa tamkar zai maye gurbin tantani, ni kuwa ban yarda ba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu jiki ya narkar da shi, ƙashi kuwa a lokacin bai ko fara haramar tafiya ba. Mataimaki ne, danga ta gaske dole a kafa ta daban.

Kafin ranar aiki muka auna hawan jini da sukari, muka duba yawan jininsa da rukuninsa na sikila, ya fito AA. A yankinmu wannan gwaji ba na ado ba ne, domin ƙashin mai sikila yana da saurin kamuwa da cuta kuma yana jinkirin warkewa. Ba ya shan taba, wanda babban rabo ne, don hayaƙi yana takure ƙananan hanyoyin jinin dasashi. Goro yake ci, na ce a ajiye shi na mako biyu. Muka wanke masa haƙora mako guda kafin aiki.

Ranar aiki

Da allurar kashe zafi kawai muka yi, lidoken mai adirenalin, ta gaba da ta ganɗa, yana farke yana jin mu. Mun ba allurar minti goma ta kama sosai, domin ba zafi kaɗai take kashewa ba, tana rage zubar jini, kuma wanda ba ya ganin wuri ba ya aiki mai kyau.

Na yanka ta bakin dasashi daga babban haƙorin gaba na dama har zuwa bayan fiƙa, da yanka biyu a tsaye a gefe, na ɗaga shi gaba ɗaya tare da fatar da ke manne da ƙashi. Da gangan na faɗaɗa. Dokar ita ce layin ɗinki ya kwanta a kan lafiyayyen ƙashi, nesa da bakin rami. Tsohon yankan nan mai siffar jinjirin wata da aka koya wa na gabanmu yakan faɗo daidai kan ramin, ɗinki ya rasa abin dogara, ya buɗe, ya bar tabo.

Bangon gaba ya riga ya huje kamar faɗin ƙwayar gyaɗa, gefensa sirara kamar ɓawon ƙwai. Na faɗaɗa tagar kaɗan ina zuba ruwan gishiri don kada ƙashi ya yi zafi. Jakar ta bayyana, fara-fara mai kauri. Ɓare ta daga bangon ƙashi bai yi wuya ba, sai da na zo baya inda babu ƙashi, inda ta manne da naman ganɗa kai tsaye. Nan ne wurin da ya fi cin lokaci a duk aikin. Na sa yatsan hagu a cikin bakinsa na tokare ganɗar, ina jin motsin ƙarfen ta cikin nama, ina ɓarewa a hankali, domin huda ganɗa a nan yana nufin buɗe wa miyau hanya zuwa cikin ramin. Ta ɓangaren maƙwabtan haƙora kuma ban kankare da ƙarfi ba, don kada in tsinke jijiyoyin da ke ciyar da su. Jakar ta fito kusan ɗungurungum, muka jefa ta cikin kwalbar fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, don a kai ɗakin gwaji.

Sai saiwa. Na yanke milimita 3 daga ƙarshenta, a kwance kusan daidai, ba a karkace kamar yadda ake yi da ba. A cikin waɗannan milimita ukun ne mafi yawan ƙananan rassan ramin jijiya suke, inda ƙwayoyin cuta ke ɓuya, inda babu abin wankin da ke kaiwa. Saiwar wannan haƙori takan kai milimita 13, saboda haka an bar masa kusan 10, sun ishe shi tsayuwa. Na shafa shuɗin rini a fuskar yankan na duba da gilashin ƙara girma, babu tsaga. Da bakin na'ura mai karkarwa na haƙa milimita 3 cikin saiwar ta sama, na busar, na cike da MTA. Wannan wani irin siminti ne da Torabinejad ya fito da shi a Jami'ar Loma Linda ta Amurka a farkon shekarun 1990, yana kamawa ko da danshi, jiki kuma yana karɓarsa har ya shimfiɗa sabon rufi a kansa.

Idan aka tambaye ni wane mataki ne ya warkar da wannan saurayi, wannan zan nuna. Toshiyar milimita ukun nan ita ce ta rufe wa cuta ƙofa. Da ta yi yoyo, duk garin ƙashi da tantanin duniya ba za su hana ƙurjin dawowa ba, sai ma su zama abincin ƙwayoyin cuta.

Ana cikin haka ma'aikaciyar jinya ta ɗebi jininsa kwalba huɗu, mililita 10 kowace, aka juya minti 10 a gudun juyi 3,000 a minti. Na raba tantanin biyu. Rabi na farko na zura shi ta cikin ramin na shimfiɗa a ƙofar baya, gefensa ya hau kan ƙashi, na danne shi da dunƙulen jini guda biyu da aka matse suka yi faɗi. Sauran dunƙulen na yayyanka na cuɗa da garin, na zuba a ramin sako-sako, ban danna ba, domin hanyoyin jini suna bukatar wurin ratsawa tsakanin ƙwayoyin garin. Rabi na biyu na rufe ƙofar gaba da shi, ya zarce bakin ramin da milimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe. Muka mayar da dasashi, muka danne da jiƙaƙƙen bandeji na 'yan mintuna, muka ɗinke da siririn zare. Aikin ya ɗauki awa ɗaya da minti arba'in.

Ya tafi gida da amoksisilin na kwana biyar, maganin zafi, da ruwan kurkure baki na kuloheksidin. Abinci kunu, koko, tuwo mai laushi da ya huce. Babu aswaki ko buroshi a wurin.

Kwana na uku kumburi ya kai ƙasan ido, wanda muka riga muka gaya masa zai faru. Kwana na biyar ya dawo da ɗinki guda a kwance, gefen yankan ya buɗe kamar milimita 2. Da na bincika, ashe 'yan dubiya ne. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya ce a nuna masa, shi kuma ya ɗaga leɓe. Na ja masa kunne kan abinci da aswaki, ban ja masa kan wannan ba, kuma giɓin daga wajena yake. Tun daga ranar na sa shi cikin abin da nake faɗa wa kowa, a gaban 'yan'uwansa. Allah ya taimaka buɗewar tana kan lafiyayyen ƙashi, nesa da tantanin, amfanin faɗaɗa yankan ke nan. Muka wanke, ta rufe da kanta cikin kwana goma.

Sakamakon ɗakin gwaji ya tabbatar jakar ruwa ce ta ƙarshen saiwa, da shimfiɗar fata a cikinta da burbushin kitsen kolestarol, wanda shi ne ƙyallin da muke gani a ruwan. Ba na jefar da duk abin da na ciro daga muƙamuƙi ba tare da an duba shi ba. Akwai ƙari da ke kwaikwayon wannan hoto, ciki har da amelobulastoma, wanda likitocin muƙamuƙi a Nijeriya suka san shi sarai, kuma maganinsa daban ne gaba ɗaya.

Bibiya

Wata uku: ƙurji ya ɓace, ganɗa ta fara tauri, hoto ya nuna ramin fari fat. Ya yi murna, ni kuma na ce masa ya dakata. Garin da muka zuba shi kansa fari yake fitowa a eksire, saboda haka farin wata uku hoton gari ne, ba na ƙashi ba. Wannan tarko ne da ke kama likitoci da yawa, musamman da garin saniya wanda kan zauna shekaru bai narke ba. Namu na haɗi yana narkewa a hankali, don haka hotonsa na gaba ya fi faɗin gaskiya.

Alƙawarin wata shida ya faɗo cikin azumi, lokacin da tela ba ya ɗaga kai daga keke. Bai zo ba. Sai da muka kira shi sau uku ya bayyana a wata na takwas. A lokacin ƙwayoyin garin sun fara dishewa, ana ganin saƙar ƙashi tana shigowa daga gefe zuwa tsakiya.

A shekara guda muka auna shi da ma'aunin da Rud da Andreasen da abokinsu suka kafa a Denmak a 1972, wanda ya kasa waraka gida huɗu: cikakkiya, mai tabo, mai shakka, da wadda ta gaza. Abin da nake nema shi ne siririn baƙin layin nan da ke zagaye saiwar lafiyayyen haƙori, ya dawo ya rufe kan yankakkiyar saiwar, da ƙashi a bayansa. Ya dawo. Can sama, nesa da saiwar, akwai ɗan wuri kamar milimita 2 da bai kai sauran haske ba. Na rubuta shi a matsayin cikakkiyar waraka a jikin saiwa, da ɗan gurbin da za a ci gaba da sa wa ido. Haƙorin ya daina motsi. Ganɗa ta yi tauri, yatsa ba ya nutsewa. Dasashin ya ja baya da kusan rabin milimita a kan haƙorin, ba a gani sai an ɗaga leɓe.

Saura launi. Da aka sa ranar aurensa ya dawo a kan wannan, muka sa maganin haskakawa a cikin kan haƙorin sau biyu, ya yi kusa da 'yan'uwansa, muka rufe bayansa da farin ciko. Ban yi masa hular da ake rufe haƙori da ita ba, domin jikin haƙorin yana da sauran ƙarfi kuma ban ga dalilin fiƙe shi ba.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin jijiyar haƙori ta Turai ta shimfiɗa ita ce a duba bayan shekara guda, idan da sauran shakka a ci gaba har shekara huɗu. Saboda ɗan gurbin nan na sama, zai riƙa zuwa sau ɗaya a shekara. A zuwansa na wata 18 gurbin bai ƙaru ba, babban haƙorin gaba da fiƙa kuma duka sun amsa sanyi. Mun sa alƙawari na gaba mako biyu bayan Babbar Sallah, lokacin da ɗinki ya lafa, kuma a katinsa an rubuta lambar mahaifinsa tare da tasa.